Janareta mai tayoyi

Janareta mai tayoyi ƙaramin injin wuta ne da aka ɗora a kan firam na ƙarfe, aka sa masa tayoyi biyu da hannu domin mutum ɗaya ya iya tura shi. Galibinsu da fetur suke aiki, kuma ƙarfinsu kan kama daga kilowat 2 zuwa wajen 10, abin da zai riƙe gida ko shago.

Sassa biyu ne suka haɗu suka yi shi: injin da ke ƙona mai, da kwayil da ke samar da wuta. Idan fulogi ya tartsa wuta a cakuɗen fetur da iskar da kabureta ta haɗa, fistin sai ya motsa ya juya sandar injin. A jikin sandar nan akwai maganaɗisu da ke juyawa a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, kuma wannan juyin ne ke haifar da lantarki a cikin wayoyin. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831.

Babban aikin sarrafa janareta shi ne riƙe gudun injin. Kayan wuta a Najeriya da Nijar an yi su ne don lantarki mai zagaye 50 a daƙiƙa, kuma kowane juyi ɗaya na irin wannan inji zagaye ɗaya yake bayarwa, don haka dole ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti. Na Amurka, inda ake amfani da 60, sau 3,600 yake yi. Da zarar an kunna firiji ko dutsen guga, lodi ya ƙaru, injin sai ya nemi sassautawa. Nan take wata na'ura da makanikai ke kira gwamna za ta ƙara buɗe hanyar mai, idan lodin ya ragu kuma ta rage. Canjin ƙarar da ake ji a lokacin, aikinta ne. Masu ɗaure gwamna don wai wuta ta ƙara haske, kayansu kawai suke ƙonawa. Ƙarfin wutar kuwa, wato bolt 220 zuwa 230, wata 'yar na'ura mai suna AVR ce ke daidaita shi, ta hanyar ƙara ko rage lantarkin da ke shiga maganaɗisun ya ba shi ƙarfi.

Wajen tayarwa, a buɗe famfon mai, a rufe cok idan injin ya huce, a ja igiya ko a murɗa makulli in mai batir ne, sannan a mayar da cok. Sai ya daidaita ake ɗora masa lodi, ɗaya bayan ɗaya, domin duk abu mai injin da lantarki ke juyawa a ciki, kamar firiji ko injin jan ruwa, yakan ja ninki biyu zuwa uku na wutarsa a lokacin tashi. Janaretoci da yawa kan kashe kansu idan baƙin mai ya yi ƙasa.

Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutane cikin barci, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗaki, ko zaure, ko gindin taga. Haka nan sai an raba layin gida da na kamfanin lantarki da makunnin sauya layi, in ba haka ba wutar janareta za ta koma kan wayar titi ta kama ma'aikacin da ke gyara.

Tun bayan cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, mutane da dama sun sauya kaburetar janaretocinsu zuwa mai aiki da gas ɗin girki.