Waiwaye: Ƙafafun jirgin sama da masu ɗaukar hotonsu a Kaduna

Wanda ya tashi a Mando ko Kawo ya san ƙarar ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke shawagi tun da safe. Yaran da ke ɗaga musu hannu a da sun girma, yanzu waya ce a hannunsu. In ka duba hotunan da masu sha'awar jirgi ke ɗauka, yawancinsu na lokacin sauka ne, sa'ad da jirgi ya rage gudu ya sako ƙafafunsa. Lokacin ne ya fi kusa da ƙasa, kuma mai ido daga ƙafa yake gane irin jirgi da zamaninsa.

Jiragen da suka fara shigowa Najeriya uku ne, samfurin DH.9A na sojan saman Ingila. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, sannan suka ƙaraso Kaduna. Ƙafafunsu a kafe suke, ba sa naɗewa, ba birki, a wutsiya kuma ba taya sai wani ɗan abu da ke jan ƙasa har jirgi ya tsaya. A Gabas ta Tsakiya an saba ganin irin wannan jirgi da safeyar taya ɗaure a jikinsa, kamar motar kasuwa.

Yaƙin Hitila ne ya mai da wannan hanya babbar hanya. Daga 1940, da tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Masar. Sama da 5,000 ne suka bi ta nan kafin ƙarshen 1943. Blenheim, jirgin jefa bam mai inji biyu, kan shige gaba ya nuna hanya, ƙananan jiragen yaƙi samfurin Hurricane na biye.

A nan ne zancen ƙafa ya fi daɗi. Ƙafafun Hurricane a ware suke, kuma ciki suke naɗewa, wajen tsakiyar jirgi, don haka yana zama daram a filin marmara mai gargada. Na Spitfire na Ingila da na Messerschmitt 109 na Jamus a matse suke, waje suke naɗewa cikin fiffike. Jamusawa sun yi haka ne don a iya kwance fiffike a bar jirgi tsaye da ƙafarsa, dabara mai kyau ga makanikai, amma ta janyo haɗura da yawa wajen tashi da sauka, musamman ga sabbin matuƙa. Abin da ke shanye dukan sauka kuwa bututu ne cikin bututu, da mai da matsattsiyar iska a ciki. Makanikin Panteka in ya gani zai ce ai shok ne, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙura ma ta sa aka ƙara wa injin Hurricane matacin iska a ƙarƙashin hanci, wanda ya ɓata masa kyau a hoto ya kuma rage masa gudu.

Dakota, wato DC-3, ya daɗe a sararinmu. Ko ya naɗe ƙafa, gefen taya yana leƙowa a ƙarƙashin inji, don in ya faɗi da ciki ɓarnar ta yi sauƙi. Jirgin fasinja da kaya ne, amma a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 har bam aka jefa da shi, ga kuma jiragen yaƙi MiG-17 da L-29. Rundunar sojan saman Najeriya ba ta fi shekara uku ba a farkon yaƙin, don a 1964 aka kafa ta, Jamus ta Yamma na horarwa, Kaduna ce makaranta.

Ni dai jirgin da na fi jin takaicin ƙarancin hotonsa shi ne Air Beetle. A Kaduna aka harhaɗa shi, guda 60, bisa fasalin RV-6A na Amurka, da taya a hanci maimakon wutsiya saboda ɗalibi ya ga gabansa kuma kada jirgi ya juye masa bayan sauka. Ya yaye matuƙa da yawa kafin Super Mushshak na Pakistan ya karɓe shi. A garin nan kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a 2018.

Ƙarancin hoton ba abin mamaki ba ne. Kusan duk wannan tarihi a bayan shingen soja ya faru, kuma wanda ya ɗaga kyamara a bakin bariki ba izini ya san abin da ya taka, balle a wannan zamani na rashin tsaro. Dama mafi girma ta zo a Maris 2017, da aka rufe titin jirgin Abuja mako shida aka karkato da jirage Kaduna. Kamfanonin Turai suka ƙi zuwa. Ethiopian Airlines ya zo da Boeing 787, mai taya goma, huɗu-huɗu a ƙarƙashin fukafukai, biyu a hanci.