Mukosa: Shimfiɗar Cikin Tumbi da Hanji

Duk wanda aka zura wa kyamara ta maƙogwaro aka tsinko ɗan nama daga tumbinsa, zai ga kalmar mukosa a takardar sakamako. Ita ce shimfiɗar ciki ta bangon tumbi da hanji, wadda abinci ke gogar ta kai tsaye. Bayanta akwai shimfiɗu uku: ta jijiyoyin jini, ta tsoka mai murɗa abinci, da siririyar fatar waje. Amma cututtukan ciki da yawa daga mukosa suke somawa.

Ɗan naman nan a fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, ake jiƙa shi, a daskarar da shi cikin kakin, a yanka sala-sala kaurin maikiromita 4 zuwa 5 (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), a rina, sannan a ɗora a madubin likita.

A tumbi, mukosa cike take da ƙananan ramuka. Can ƙasansu akwai ƙwayoyin halitta masu fitar da asid, su ne kuma ke fitar da sinadarin da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi bitamin B12. In suka lalace, sai ƙarancin jini. Wasu na fitar da sinadarin narkar da nama. Na saman suna shafa majina mai kauri, wadda ita ke hana asid cin tumbin kansa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rage majinar nan, ƙwayar cutar H. pylori kuma cikinta take ɓuya tana kumbura mukosa. Mafarin gyambon ciki ke nan, ba yunwa ko yaji ba kamar yadda aka fi ɗauka. Likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005 kan gano cewa H. pylori na haddasa gyambon ciki.

A ƙaramin hanji kuwa, mukosa tsiro take yi kamar gashin tawul, kowane tsiro tsawonsa kamar milimita 1, kuma ta nan abinci ke shiga jini. Ƙwayoyin samansu duk kwana 3 zuwa 5 ake sabunta su. Kusa da ƙarshen hanjin akwai dunƙulen ƙwayoyin garkuwar jiki. Nan taifot ke kamawa, in ba a yi magani ba, yana iya huda hanji, yawanci a mako na uku.

Babban hanji ba shi da tsiron nan. Ruwa yake tsotsewa, ya yawaita majina don bayan gida ya wuce salin-alin.