Lidar da auna ƙurar ƙasa a iskar birane

Lidar na'ura ce da ke harba hasken leza sama ta jira ya dawo. Hasken na cin karo da ƙananan abubuwan da ke shawagi a iska, kaɗan daga ciki ya dawo ƙasa, madubin hangen nesa ya cafke shi. Daga lokacin da ya ɗauka ake gane nisa, in ya yi kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa to abun na sama da kai da mita 150 kenan. An fi amfani da koren haske mai tsawon zango nanomita 532 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), sai wasu hasken masu 355 da 1064.

Matsalar iskar birni ita ce komai a cakuɗe yake, hayaƙin motoci da janareta da ƙona shara, ga kuma ƙurar da iska ta kwaso daga hamada, kuma na'urorin ƙasa masu auna PM10, wato ƙananan ƙwayoyin da ke shawagi a iska, jimilla kawai suke baka basa faɗin wanne ne wanne. Anan lidar ta yi fice. Hasken leza ta fuska ɗaya yake kaɗawa, ƙwayoyin hayaƙi ƙanana ne kuma kusan a mulmule suke don haka suna maido shi kusan yadda ya je, ita kuwa ƙura ɓarɓashin dutse ce mai kusurwa-kusurwa, sai ta murɗe shi. Ma'aunin murɗewar nan a ƙurar Sahara zalla yana kai wajen 0.3, na hayaƙin birni kuwa yawanci baya kai 0.1, da haka ake lissafa kason kowanne hawa-hawa har sama.

Turai na da gungun tashoshi mai suna EARLINET tun 2000, Japan ma ta daɗe tana bibiyar ƙurar hamadar Gobi da ke bi ta kan Beijing. Daga sama kuma tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, wani tauraron mai suna EarthCARE ya tashi a 2024. A 2006 an kafa lidar a Yamai ana kallon yadda hazon hunturu, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, ke haɗuwa da hayaƙin ƙona daji.

Sai dai fa lidar tana da nakasu, gajimare mai kauri na tare hasken, sannan yawancin na'urorin lidar basa gani sosai a mitocin farko daga ƙasa, wajen da mutane ke shaƙar iskar, dole sai an haɗa da ma'aunan ƙasa.