Ma'anar N95 da ke jikin takunkumi

Daga Nima zuwa Aboabo kowa ya san "nos mask", takunkumin hanci da baki da aka wajabta sakawa a Gana a 2020, har aka ɗage dokar a Maris 2022. Sai dai ba kowane takunkumi ne N95 ba, kuma lambar ba sunan kamfani ba ce. Ma'auni ne na NIOSH, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka: 95 ɗin na nufin yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ɓurɓushi mai girman mikron 0.3, wanda kaurin silin gashi ya ninka shi fiye da sau ɗari. Harafin N kuwa yana nuna ba a yi shi don wurin da ke da feshin mai ba. KN95 ma'aunin Sin ne, FFP2 na Turai mai tare kashi 94.

Amfaninsa yana ga cututtuka masu bin iska: tarin fuka, ƙyanda, mura da korona. Ba sai mai cutar ya yi tari ba, numfashi da magana ma sun isa. Ƙwayar ƙyanda takan yi har awa biyu tana yawo a ɗaki bayan mai ita ya fita. To, balle motar haya ta tirotiro da aka rufe gilasanta ruf saboda ruwan sama.

Sirrin N95 yana cikin shimfiɗar tsakiya, zaren roba ne siriri da aka ɗora wa caji, irin yadda mataji ke ɗaukar guntun takarda in an goga shi a kai. Wannan cajin ne ke fizgo ƙananan ƙwayoyi. Shi ya sa wanke shi da sabulu ko fesa masa sanitaiza ɓarna ce: zai fito fes a ido, amma aikinsa ya ragu ƙwarai.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sakawa. Iska raguwa ce, inda ta ga kafa nan take bi. Shuɗin takunkumin asibiti yana barin rata a kumatu, N95 ma haka yake in bai manne ba. A wanke hannu, a ɗora shi daga haɓa zuwa karan hanci. Igiyar ƙasa ta zauna a ƙeya ƙasa da kunnuwa, ta sama a tsakiyar kai, kada su sarƙe. A danna ƙarfen hancin da yatsun hannu biyu. Matse shi da hannu ɗaya yana sa ya yi tsini ya bar kafa. Sannan a rufe shi da tafukan hannu a fesar da numfashi da ƙarfi. In iska ta taɓa ido ko tabarau ya yi hazo, da sauran gyara. Gemu da saje suna hana shi mannewa, gaskiyar da ba a cika faɗa wa dattawanmu ba. Mai gemu ya haɗa da zama kusa da taga.

Jabu kuma ya yi yawa. N95 na ainihi igiyarsa bayan kai take zagayawa, kuma akwai lambar amincewa mai farawa da TC-84A a jikinsa. Mai ƙaramin murfin fitar da iska a gefe yana kare mai shi ne, numfashinsa na fita ba tacewa, don haka bai dace da mai tari ba. In za a maimaita sakawa, a ajiye shi a ambulan ta takarda ya sha iska, ba a leda ba. Ya jiƙe ko igiyar ta saki, a jefar. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba a saka masa kowane iri.

Wani zai ce ai korona ta wuce. Dokar ce ta wuce, cutar tana nan, kuma wasu ba sa komawa yadda suke. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira doguwar korona shi ne alamomin da ke tare da mutum wata uku bayan kamuwa, suka kai aƙalla wata biyu, ba tare da wani dalili ba: gajiya mai kwantar da mutum, haki a ɗan hawan bene, mantuwa. Tarin fuka ma yakan bar tabo a huhu bayan an gama shan maganin wata shida. Mai ciwon suga ko asma, mai juna biyu, da mai jinyar mai tari, su ne suka fi bukatar N95 a jaka ranar zuwa asibitin Korle Bu ko na Komfo Anokye.