Ƙwalamar da ta dace da kyanwa mai ciwon ƙoda: tambayoyi da amsoshi

Likita ya ɗora kyanwata kan abincin masu ciwon ƙoda. Shi ke nan ta rabu da ƙwalama?

A'a, ba ta rabu ba. Abin da ya canza shi ne iri da yawa. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce kada ƙwalama ta wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da kyanwa ke ci a yini. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kalori wajen 200, don haka rabonta na marmari bai wuce kalori 20 ba. Sauran kashi 90 su fito daga abincin da likita ya rubuta.

Akwai dalilin tsanantawa a nan. A wani bincike da aka buga a Ingila a shekarar 2000, kyanwoyin da suka karɓi abincin masu ciwon ƙoda sun rayu tsaka-tsakin kwana 633, waɗanda ba su ci shi ba kuwa kwana 264. Abincin magani ne, kuma ƙwalamar da ta yi yawa tana rage masa ƙarfi.

Me ya sa kowa ke ta maganar fosforos?

Domin shi ne babban abin tsoro. Fosforos ma'adini ne da jiki ke samu daga abinci. Lafiyayyar ƙoda tana tace fosforos ɗin da ya yi wa jiki yawa ta zubar da shi a fitsari. Idan ta raunana sai ya taru a jini. Taruwarsa kan sa jiki ya riƙa janye kalsiyam daga ƙashi, sannan ma'adanan su riƙa kwanciya a cikin ita ƙodar, su ƙara lalata ɗan abin da ya rage yana aiki. Ciwon ke jawo taruwar, taruwar kuma ke hanzarta ciwon.

Ƙungiyar IRIS ta ƙwararru kan ciwon ƙodar dabbobi, wadda ta kasa ciwon zuwa matakai 4, ta sa iyakar da ake so fosforos ya tsaya a jini: ƙasa da miligiram 4.6 a kowace desilita a mataki na 2, ƙasa da 5 a mataki na 3, ƙasa da 6 a mataki na 4. Ku nemi likita ya faɗa muku matakin da kyanwarku take da kuma lambarta ta ƙarshe. Wadda lambarta ke zaune lafiya cikin iyaka tana da ɗan sarari. Wadda tata ta haye, ƙwalamarta sai ta koma abincin maganin kansa.

Ta yaya zan gane yawan fosforos daga jikin fakiti?

Nan ne aka fi yin kuskure, don lambar da ke jikin fakiti ta haɗa da ruwan da ke cikin abincin. Sai an cire ruwan kafin a kwatanta. A ɗebe yawan ruwan daga 100, a raba fosforos da abin da ya rage, a ninka da 100. Misali, ƙwalama mai laushi da aka rubuta fosforos kashi 0.2 da ruwa kashi 80: abin da ya rage 20 ne, 0.2 a raba da 20 a ninka da 100 ya ba da kashi 1. Ga lamba ƙarama a ido, alhali ta kusa ninka abin da ake so, domin abincin masu ciwon ƙoda yawanci yana tsakanin kashi 0.3 da 0.6 bayan an cire ruwa.

Kamfanoni da yawa ba sa rubuta fosforos ko kaɗan. A rubuta musu a tambaya: miligiram nawa ne a kowane kalori 100? Ƙasa da 150 abin karɓa ne. Idan sun kasa ba da amsa, a bar kayansu. A kuma duba jerin abubuwan da aka haɗa. Duk sunan da ke ɗauke da haruffan phos fosfet ne, wato nau'in fosforos da aka ƙara da hannu, kuma hanji ya fi saurin tsotse irinsa a kan wanda ke cikin nama tun asali.

To me zan ba ta?

Mafi aminci shi ne abincin maganin nan nata a wata kama. Idan na gwangwani take ci, 'yan ƙwayoyin busasshen irinsa, na Hill's k/d ko Royal Canin Renal ko Purina NF, sukan zame mata abin marmari, musamman idan daga hannu aka ba ta. Na gwangwanin ma ana iya yanka shi sirara, a gasa a zafin digiri 175 na kusan minti 30 har ya yi ƙaras-ƙaras, a ajiye a firji kada ya wuce kwana biyar. Ko a dama shi da ruwan ɗumi ya zama abin lasa.

Bayan wannan sai farin ƙwai dafaffe. Na babban ƙwai ɗaya yana da kalori kusan 17, furotin mai kyau giram 3 da rabi, fosforos kuwa miligiram 5 kacal. Gwaiduwar ƙwan ɗaya tana da sama da miligiram 60, don haka a ware ta. Dole a dafa farin, saboda ɗanyensa yana hana jiki amfana da sinadarin bayotin, ga haɗarin ƙwayoyin cuta ga dabbar da ba ta da ƙarfi.

Tsokar kaza ma tana shiga, amma da awo. Giram 10 na dafaffen ƙirji ya kai kalori 16 da fosforos wajen miligiram 22, wato kalorinsa ya kusa cinye rabon ƙwalamar yini. A yanka shi ƙanana, a tafasa a ruwa zalla ba gishiri, a zubar da ruwan, domin wani kaso na fosforos yana fita a ciki. Ciyawar kyanwa da ake shukawa a tukunya ba ta da matsala ga wadda ke sonta.

Waɗanne ne ba za a ba ta ba sam?

Hanta, ƙoda da sauran kayan ciki. Cuku da madara. Kifin da ake ci da ƙayarsa, busasshen kifi, ƙashi da romon ƙashi. Duk waɗannan cike suke da fosforos. Busasshen naman da ake sayarwa a matsayin nama zalla yana ruɗin mutane, amma busarwa ruwa kawai take cirewa, ta bar ma'adanan a dunƙule. Naman gwangwani da tsiran alade sun haɗa gishiri da fosfet, ga shi kyanwoyi masu ciwon ƙoda da yawa suna fama da hawan jini wanda kan kai ga makanta.

Albasa da tafarnuwa guba ne ga kowace kyanwa, ɗanye ko dafaffe ko gari: suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ita kuma mai ciwon ƙoda dama ƙarancin jini na jiranta. A duba abincin jarirai da romon kwali da kyau, don sau da yawa akwai garin albasa a ciki. Inabi da zabibi ma a nisanta su.

Man kifi fa?

Mai omega 3 yana da amfani, amma likita ne zai yanke awo, kuma yawancin abincin magani sun riga sun ƙunshe shi. Man hantar kifi daban ne, bitamin A da D sun yi masa yawa.

Ta ƙi abincin maganin, ƙwalama kawai take karɓa. In hana ta har yunwa ta sa ta ci?

Kada ku yi haka. Kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci, kitse na iya mamaye hantarta, kuma wannan yana kisa da sauri fiye da ciwon ƙodar. Ramewar tsoka ma babbar asara ce gare ta. Idan ta wuce awa 24 ba ta ci komai ba, a kira likita, a kuma ba ta duk abin da za ta karɓa muddin ba guba ba ne.

Sau da yawa ƙin cin daga tashin zuciya ne: za ta zo wajen kwano, ta shinshina, ta lashi leɓe, ta juya. Akwai magani, irin su marofitan na tashin zuciya da mirtazafin na buɗe ciki, wanda har akwai na shafawa a cikin kunne. Idan zuciyar ta kwanta, a ɗumama abincin ya kai zafin jiki, wajen digiri 38, don ƙanshinsa ya tashi. A marmasa ƙwalamar a kai, ko a ɗiga ƙaramin cokali na ruwan kifin gwangwani wanda ba a sa wa gishiri ba. Kada a tura mata sabon abinci ranar da take amai, domin za ta haɗa ƙanshinsa da ciwon ta ƙi shi na dindindin. Idan duk da haka sai abinci na yau da kullum take ci, likita na iya ƙara maganin da ke kama fosforos a hanji. Shi wannan sai an cakuɗa shi cikin abincin yake aiki, in aka ba da shi ciki wayam ba abin da zai kama.