Auna Tasirin Koyar da Sababbin Direbobi

Auna tasirin koyar da tuƙi reshe ne na binciken kiyaye haɗurra, wanda ke duba ko direban da ya bi ta makaranta ya fi wanda bai bi ba tsira daga haɗari. Cin jarrabawar lasisi ba shi ne ma'auni ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne haɗurra da laifuffukan hanya a shekarun farko na riƙe sitiyari.

Tarihi

Gwajin da ya fi shahara an yi shi a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya a Amurka, daga wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. An kasa ɗalibai kimanin 16,000 gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu suka sami horo mai zurfi, wasu taƙaitacce, sauran ba a koya musu komai a makaranta ba. Ɗan ragin haɗarin da aka gani a watannin farko bai daɗe ba ya ɓace. Waɗanda aka horar kuma sun riga sauran karɓar lasisi, wato sun hau titi tun da ɗanyen kai. Nazarin 2001 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon bincike-bincike, ya haɗa gwaje-gwaje uku, bai kuma sami hujjar raguwar haɗari ba.

A Norway ma an koya wa matasa sarrafa mota a kan hanya mai santsi, sai haɗari ya ƙaru a tsakanin samari. Masu bincike sun ɗora laifin a kan ganin an iya.

New Zealand ta fara ba da lasisi mataki-mataki a 1987, inda sabon direba ke farawa da wasu ƙa'idoji kafin ya sami cikakken lasisi, tsarin da hujjojinsa na rage haɗari suka fi ƙarfi.

A Abuja

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC), da aka kafa a 1988, ita ke tantance makarantun koyon tuƙi, jami'an duba motoci (VIO) kuma ke gwada ɗan koyo. Sai mai shekara 18 ake ba lasisi.

Kwatantawa a nan na da wuya. Direbobin haya da yawa a tasha suka koya, daga karen mota har maigida ya miƙa musu makulli, takardar makaranta kuwa daga baya take zuwa. Ƙananan haɗurra, irin gugar da ake yi a cunkoson hanyar Nyanya, a bakin titi ake sasanta su a wuce wurin mai gyaran fanel, ba sa shiga littafin kowa.

Saɓani

Masu makarantu na cewa ingancin malami ne ke kawo bambanci. Wasu masu bincike na ganin sa'o'in tuƙi tare da babba sun fi aji amfani.