Mece ce "kazar asali"? Launi ba ya ba da shaida

Kwanan nan duk inda masu kiwo suka taru, a Facebook ne ko a shirin noma na rediyo, sai ka ji "kajin asali". Kowace kaza mai kyan gashi ta zama ta asali. A saka hoton zakara mai sheƙi, a rubuta "tsantsar asali" a ƙasa, shi ke nan an gama hujja. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da launi shaidar asali, har mai gabatar da shiri ya ce da ganin gashin kaza za ka san jininta. Wannan magana tana ɓatar da sababbin masu kiwo, tana kuma lalata irin da ake cewa ana so a adana.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita wa irin waɗannan kaji, wato "heritage", tana nufin abin da aka gada, kuma tana da ma'ana tsayayya. Ƙungiyar Livestock Conservancy ta Amurka ta gindaya sharuɗɗa huɗu: irin ya kasance wanda ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, wadda aka kafa a 1873, ta amince da shi tun kafin tsakiyar ƙarni na 20, zakara ya iya barbara da kansa, kaza ta jure rayuwar fili tana ƙwai shekara 5 zuwa 7, zakara kuma shekara 3 zuwa 5, sannan girmanta ya zo a hankali, kada ta kai nauyin yanka kafin mako 16. Sharuɗɗan sun fito ne don a bambanta su da kajin kamfani, waɗanda suka samo tushe daga gasar "kazar gobe" da aka yi a Amurka a 1948, inda haɗin irin kajin Cornish da na New Hampshire ya zo na ɗaya. Burolar yau cikin mako 6 ko 7 ta kai yanka. A duba sharuɗɗan nan da kyau, uku daga cikinsu maganar haihuwa ce da ƙarko da girma. Launi yana shigowa ne ta ƙofar na farko kawai, a matsayin abu ɗaya cikin siffofin da aka rubuta wa kowane iri.

Ga misalin da nake so kowane mai kiwo ya riƙe. Akwai wata tsohuwar kaza da ta ci sunan yankin Andalus na ƙasar Sifaniya. Ana kiranta shuɗiya, ko da yake launin ya fi kusa da toka-toka mai duhu, kowane gashi da baƙin layi a bakinsa. Babu mai musun asalinta. To amma ka haɗa zakara shuɗi da kaza shuɗiya, duka tsantsa, ka ƙyanƙyashe ƙwai 100. Kimanin 50 ne kawai za su fito shuɗɗa. Wajen 25 baƙaƙe ne wuluk, sauran 25 kuma farare masu ɗigon toka nan da can. Wanda bai sani ba zai ce an cuce shi, an sayar masa da ruwa biyu. Alhali babu wanda ya cuce shi.

Dalilin shi ne, shuɗin ba launi ne mai zaman kansa ba. Baƙi ne da wata ƙwayar gado ta tsarma. Ɗan tsakon da ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya, uwa ko uba, shi ne shuɗi. Wanda ya gada daga duka biyun, tsarmin ya yi yawa, sai ya koma fari mai ɗigo. Wanda bai gaji ko ɗaya ba ya tsaya a baƙinsa. William Bateson da Reginald Punnett sun yi nazarin wannan a Jami'ar Kambirij a farkon ƙarni na 20, kuma har yau da kazar Andalus ake koyar da ɗalibai wannan babi na gado. Abin mamakin ma yana gaba: idan kana son duk 'yan tsakinka su fito shuɗɗa, ba shuɗi da shuɗiya za ka haɗa ba. Baƙin zakara za ka kawo wa farar nan mai ɗigo, sai kowane ɗa ya samu ƙwaya ɗaya tak. Ke nan waɗanda mai kallon launi zai fara yankawa a matsayin gurɓatattu, su ne mabuɗin launin da yake nema.

A ɗaya gefen kuma ga ISA Brown, jar kazar ƙwai da aka samar a Faransa a 1978. Dubu za su tsaya a gabanka kamar an buga su da hatimi ɗaya, kuma kowace tana iya ba da ƙwai wajen 300 a shekarar farko. Kaza ce mai amfani, ban raina ta ba. Sai dai haɗi ce ta layukan da kamfani ke riƙe da su, kuma in ka bar 'ya'yanta su hayayyafa a tsakaninsu, launi da yawan ƙwan duk za su warwatse. Da launi iri ɗaya ne ma'aunin asali, da ita ce sarauniya.

Ni a ganina, wanda ya fara zaɓe daga launi ya fara daga ƙarshe. Mai kiwon da ya san aikinsa yana ɗaukar kaza a hannu kafin ya yaba gashinta: ya ji nauyinta, faɗin bayanta, miƙewar ƙashin ƙirji, tazarar ƙasusuwan ƙugu da ke nuna mai ƙwai ce, ƙarfin ƙafa, hasken ido. Sai bayan waɗannan sun cika ake duba launi. Idan aka juya tsarin, aka riƙa haɗa wa da ƙanwa don a kama wani launi da ake yayi, ƙyanƙyasa tana raguwa, jiki yana ƙanƙancewa. Launin nan mai kama da toka mai haske da ake rububinsa a kajin Orpington, 'yan asalin Ingila, misali ne: shi yana bin gado daidai, amma an san shi da gashi mai saurin yagewa, shi ya sa masu lura kan koma su haɗa da baƙi don gashin ya gyaru.

Ma'anar Amurkan kanta tana da gurbin da ba na jin daɗinsa, domin ta ɗaure asali da rajistar ƙasa ɗaya. Fayoumi ta Masar tsohuwar kaza ce mai kiwon kanta da jure zafi, amma ba ta cikin wannan rajista. Marans ta Faransa, mai ƙwai ruwan ƙasa mai duhu, sai a 2011 aka shigar da ita. Don haka ni na fi riƙe sauran sharuɗɗan uku, tare da tambaya ɗaya ga mai sayarwa: ina iyayen, kuma me suka saba haifarwa? Wanda ya san irinsa zai faɗa maka tun kafin ka zuba ƙwai a inji launukan da za ka gani da yawan kowanne.